Hasken Arewa a Rufaffen Shago

Ranar Asabar, bakwai ga watan Maris na shekarar dubu biyu da ashirin, da ƙarfe huɗu da rabi na yamma, na miƙa naɗin fim guda uku ga wani tsohon Ba'indiye mai wankin hoto a wani lungu na unguwar Al Sabkha a Dubai. Mu huɗu ne a shagon: ni, da 'yata wadda ta riƙo hannuna tun daga tashar bas, da mai shagon, da wani Alhaji Bakano mai harkar kago, wato aika kaya zuwa gida, a shagon da ke manne da nasa, wanda ba abin da ya shigo da shi sai jin ana Hausa.

A cikin naɗin nan uku akwai abin da na yi fiye da shekara sittin ina jiran gani. Haske ne da ke bayyana da dare a samaniyar ƙasashen can ƙarshen arewacin duniya, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa rabin shekara. Ban san masa suna a Hausa ba, domin ba ya fitowa a samaniyarmu; ni dai hasken arewa nake ce masa. Na fara jin labarinsa ina ɗan makarantar mishan a ƙasar Zazzau, daga bakin Baturen da ke koya mana labarin ƙasa. Yana da guntun alli kore guda ɗaya wanda ba ya bari a aji, a aljihun rigarsa yake yawo da shi. Ranar da muka zo kan wannan darasi ya fito da shi, ya ja wasu layuka masu lanƙwasa daga saman allo zuwa tsakiya, kamar labulen da iska ta kaɗa, ya ce mana haka samaniya take yi a can, kuma motsi take yi. Muka yi dariya a ɓoye, don mun ɗauka tatsuniyar garinsu ce.

Shi ne kuma ya koya mini ɗaukar hoto da wanke shi, a wani ɗan ɗaki da ya toshe tagoginsa da barguna. Dokoki biyu ya dasa mini. Ta farko, kowane fim da ruwan maganin da aka yi dominsa, ba a wanke shi a wani, komai tsawon jira. Ta biyu, idan kai da wani kun ɗauki abu ɗaya, kada ka dubi hotonsa sai naka ya fito, domin idon da ya riga ya ga na wani ba zai ƙara yi wa nasa hukuncin gaskiya ba. Da waɗannan dokoki na yi aiki a ma'aikatar yaɗa labarai a Kaduna har na yi ritaya, kuma waɗanda suka koyi aiki a hannuna sun san ba na yafe karya su.

Bayan rasuwar mai ɗakina, 'yata, wadda take aikin jinya a Dubai, ta dawo da ni wurinsu a unguwar International City. Sunan mahaifiyata gare ta, saboda haka Uwata nake kiranta. A nan likita ya tabbatar da abin da na jima ina zargi. Wani ciwo yana cin tsakiyar ganina. Idon hagu ya riga ya tafi, na dama yana bin sa. Allurar da ake yi mini a cikin idon tana rage masa sauri ne kawai. Da muka fito daga wurinsa 'yata ta tambaye ni ko akwai abin da nake so in gani. Ban yi dogon tunani ba. Ta nemi hutu, ta nema mana biza, a watan Fabrairu muka sauka a arewacin Norway.

Dole in bayyana yadda ake ɗaukar wannan haske a fim, domin wanda ya saba da waya ba zai san inda wahalar take ba. Ana kafa kyamara a kan mazauninta mai ƙafa uku, a buɗe idonta a bar shi a buɗe, haske yana taruwa a kan fim sannu a hankali kamar yayyafi a randa. In ka rufe da wuri, baƙi kawai za ka samu. In ka daɗe, taurari su ja layi, hasken kuma ya dame kamar kunu. Ba kuma yadda za ka san wanne ka yi sai ranar wanki. Agogo ba ya karantuwa gare ni a duhu, don haka na koma ga abin da Baturen nan ya koya mana: karanta jadawalin lissafi da baki, da irin saurin da muke rera shi a aji. Ina tsaye a bakin wani tafki da ya daskare, tsoho mai shekara saba'in da 'yan kai, ina cewa bakwai sau ɗaya bakwai, bakwai sau biyu sha huɗu, numfashina yana daskarewa a gemuna. Ina kawar da bakina daga gilashin kyamarar kada huci ya rufe shi. Ina juya fim a hankali ƙwarai, domin a irin wannan sanyi yakan bushe ya tsinke.

Hasken ya fito a darenmu na uku. Na san ya fito ne saboda mutanen da ke kewaye da mu sun yi shiru gaba ɗaya, sannan 'yata ta damƙe hannuna.

"Baba! Kore ne! Ga wani ja a ƙasansa, yana tafiya!"

Na ɗaga kai. Abin da na gani toka-toka ne, kamar hayaƙin ɗanyen itace, da wani baƙin tabo a duk inda na tsayar da ido. Ban gaya mata ba. Na ce ta nuna mini inda ya fara da inda ya ƙare, ta kama kafaɗata ta juya ni, ni kuma na juya kyamara. Hankalina a kwance yake, domin na san fim yana tara abin da ido ya kasa. A lokacin idona na dama yana iya karanta babban rubutu da gilashin ƙara girma. Idan aka ɗora hoton a kan fitila, kusa da fuskata, zan ga koren nan. Ita ma ta ɗauki nata da waya, ta miƙo mini a mota muna komawa masauki. Na kawar da kai. Ta san dokar tun tana ƙarama, ba ta ja ba.

A kowane filin jirgi na tsaya na roƙi ma'aikata su duba fim ɗin da hannu, kada ya bi ta injin haska kaya. A gida na sa shi a firji kusa da tattasai. Sai da muka yi kwanaki muna tambaya kafin aka kwatanta mana shagon nan na Al Sabkha, aka ce shi kaɗai ya rage da aka sani yana wanke irinsa.

Mai shagon ya juya gwangwanayen fim ɗin a tafin hannunsa, ya karanta jikinsu. Fim ɗin irin wanda ake kira silayid ne, wanda hoto ke fitowa a jikinsa da launinsa na ainihi. Ya ce mini cikin Turanci ruwan maganin wannan fim ba ya jimawa idan an haɗa shi, saboda haka ba ya haɗawa sai ya tara naɗi da yawa daga masu kawowa, wato ƙarshen wata. Amma injinsa na fim ɗin gama-gari a kunne yake. In na yarda ya saka su a ciki, kafin magariba zan riƙe hotunana. Za su fito, sai dai launi zai kauce, kore yana iya rinjaya zuwa rawaya.

"Baba, a yarda mana," in ji 'yata da Hausa. "Ko ya kauce, ai ka gani."

"Uwata, launin na je nema. In ya kauce, me na ɗauko?"

Nan Alhajin ya sa baki. Tun ɗazu yana jingine da ƙofa da kofin shayi a hannu.

"Malam, daga wane gari?"

"Zazzau."

"Ai na sani! Tun da na ji ana jayayya da mai shago a kan abin da ba ciniki ba, na ce wannan Bazazzagi ne. An ce maka yau, kana cewa ƙarshen wata? Yalla, a wanke, khalas, shi ke nan!"

"Bakano ba zai gane ba," na ce masa. "Ku in launi ya kauce, sai ku sake wa kayan suna ku ce sabon yayi ne."

Ya yi dariya har shayi ya zube masa a riga. "Bawan nawa ya iya magana!"

"Ubangidanka dai."

Mai shagon yana dubanmu bai san me ake ciki ba. Na ce masa zan jira ƙarshen wata. Ya gyaɗa kai irin na wanda ya ji amsar da yake so, ya buɗe ɗan firjinsa a gabana ya ajiye su. Alhaji ya karɓi lambar 'yata da tawa, ya ce duk ranar da Ba'indiye ya haɗa ruwansa shi zai fara kira, don ya ga abin da ya kai Bazazzagi cikin ƙanƙara.

Watan bai ƙare ba aka rufe kasuwanni saboda annobar korona. Unguwannin da ke wajen Al Sabkha an tsananta musu fiye da ko'ina. Da Alhaji ya kira, ba labarin wanki ya kawo ba. Ya ce mai shagon ya tafi ƙasarsu duba matarsa da ba ta da lafiya, da niyyar mako guda, jirage suka tsaya yana can. Ƙofar ƙarfe a sauke take, da kwaɗo biyu.

Na tambaye shi ko firjin yana aiki.

"Malam, ta ina zan sani? Ni ma ta taga nake leƙen titi."

Daga nan sai zama. 'Yata tana asibiti dare da rana, in ta dawo ba ta matso ni, daga bakin ƙofa take gaishe ni da takunkumi a fuska. Aka ɗage allurar idona, aka sake ɗagewa. Ban zargi kowa ba, na san abin da ke gabansu. Muka rage ni da surukina a ɗaki biyu da falo. Makanikin na'urar sanyaya mota ne a unguwar Ras Al Khor, garejinsu ma a rufe. Mutum ne mai kunya, tun da ya auri 'yata bai taɓa cin abinci a gabana ba, ga shi yanzu ba inda ɗayanmu zai kauce wa ɗaya. In na fito falo sai ya tashi ya shiga kicin ya tsaya, ba abin da yake yi a can. Wata rana na tsare shi na tambaye shi, a matsayinsa na wanda ya san zafi, yaya cikin rufaffen shago yake a watan Yuni idan an yanke wuta. Ya amsa kansa a sunkuye.

"Baba, ka san motar da aka bari a rana, gilashi a rufe?"

"Na sani."

"To, ita da dare tana hucewa."

Na gode masa. Shi kaɗai ne a gidan bai taɓa ce mini inshallah ba komai ba.

Zafi yana cin fim ɗin da aka ɗauka ba a wanke ba. Hoton yana nan a ciki, amma ba a tabbatar da shi ba tukuna, kamar rubutun da tawadarsa ba ta bushe ba. Kowace safiya in na buɗe taga iskar nan mai nauyi ta bugi fuskata, Al Sabkha nake tunawa. Sannan in yi gwajin da na ɗora wa kaina: in rufe idon hagu in dubi ginin da ke fuskantarmu. Da farko layukan barandarsa ne suka fara lanƙwasa. Daga baya taga ɗaya ta ɓace a tsakiya, sai biyu. Abu biyu suna lalacewa a gari ɗaya, bas guda ce tsakaninsu, ni kuma ina zaune a kujera da hannuwana a kan gwiwa. Na yi aiki shekaru ina gyara kuskuren wasu. A nan babu kuskuren da zan kama in gyara.

Tun a watan Afrilu 'yata ta fara roƙona daga bakin ƙofa.

"Baba, don girman Allah ka dubi nawa. Zan goge wayar da magani in ajiye maka a tebur."

"Sai nawa ya fito."

"In bai fito ba fa?"

"Zai fito."

"In ya fito kai kuma..." Ba ta ƙarasa ba. Na ji ta shiga banɗaki ta buɗe famfo ya daɗe yana zuba.

Da aka sassauta dokar zaman gida, shaguna suka fara buɗewa, mu da muka haura sittin aka ce mu ƙara haƙuri a gida. Alhaji ya koma bakin aikinsa. Kusan kullum bayan la'asar yakan kira, kuma bai taɓa farawa da gaisuwa ba.

"Bawana, ƙofarka tana nan yadda take. Na sa kunne a jikin ƙarfen don in ji ƙarar firji, ya ƙone ni. Ka biya ni kunnena."

Ya nemi mai ginin, aka ce ba a fasa shagon ɗan haya sai da izinin hukuma. Ya nemi lambar Ba'indiyen ta ƙasarsu, ya samu, aka ɗauka sau ɗaya, wata mace ta yi magana da harshen da bai sani ba ta kashe. Ya ce in na yarda zai sa yaran da ke masa lodin kwantena su ɗaga ƙofar ta ƙasa. Na ce ban yarda ba. Ya ce dama ya san haka zan ce, ya tambaya ne don ya ji daɗin zagina.

A watan Yuli, wata Jumma'a da rana, na dubi fuskar 'yata tana zaune nesa da ni a falo, na ga kunnuwanta da ɗankwalinta, ban ga abin da ke tsakaninsu ba. Na ce ta kawo hotunan nata. Ta miƙa wa mijinta wayar. Surukina ya haɗa wayar da talabijin, ya ja labule, ya matso mini da kujera har gwiwata tana taɓa teburin. Na duba. Inda na tsayar da ido duhu ne. In na kawar da shi gefe, sai wani abu mai haske-haske ya bayyana a wutsiyar idona, kamar danshi a jikin bango, da na juyo in kama shi sai ya shige cikin duhun. Na gwada ta dama, na gwada ta hagu, na gwada ta sama.

"Ka ga koren, Baba?"

"Kashe," na ce.

Har yau ban ce dokar Baturen kuskure ce ba. Wanda ya koya mini ita bai yi ta domin mai ido ɗaya da ke ƙarewa ba, ni kuma ban san wata ba.

Mai shagon ya dawo a watan Oktoba. Matarsa ta rasu, ya zo ne ya kwashe kayansa ya mayar da mabuɗi. Ya gaya wa Alhaji an yanke wutar tun farkon zafi, abin da ya tarar a firjin ba ya faɗuwa. Duk da haka bai taɓa fim ɗina da tsohon ruwa ba. Ya sayo sabo, ya haɗa shi domin naɗi uku kacal, abin da bai taɓa yi wa kowa ba, ya ce tsohon nan ya jira, ba za a cuce shi a ƙarshe ba.

Muka koma, mu huɗun nan dai. Shagon ya zama fili, kwalaye a ɗaure, sai tebur ɗaya mai fitila a ƙarƙashin gilashi. Ya shimfiɗa fim ɗin a kai, ya sa mini gilashin ƙara girma a hannu, ya ja baya. Na sunkuya yadda na saba sunkuyawa tun ina saurayi. Na ga farin haske da rami a tsakiyarsa. Na matsa zuwa hoto na gaba, da na gaba. Hannuna ya san aikin, yana tafiya daidai, gida bayan gida.

Na miƙe na ba 'yata gilashin. Ta duba ta daɗe.

"Sun yi kyau, Baba. Duka sun yi kyau."

Na san wannan murya. Da ita take yi wa marasa lafiya magana. Na dubi wajen mai shagon, ya yi shiru, shirun da ni ma na sha yi a gaban mai hoton da ban so in ɓata masa rai ba. Sai na ce a ba Alhaji gilashin.

"Ni? Me na sani a hoto?"

"Ba ka san komai ba. Amma Bakano bai taɓa yabon kayan Bazazzagi don kunya ba. Faɗi abin da ka gani."

Ya ja numfashi, na ji ƙarar hularsa da ya ajiye a tebur.

"To. Wannan layin na farko, Malam, kamar an zuba zoɓo a kai. Sama ja, ƙasa ja, ba a gane komai. Na biyun ma haka, sai wani hazo-hazo."

'Yata ta ce, "Alhaji!"

"Sista, shi ya ce in faɗa."

"Ci gaba," na ce.

Na ji ya matsa da gilashin zuwa layi na uku.

"La ilaha illallahu," ya ce a hankali. "Wannan na ukun... gefensa ya ɗan yi ja, amma tsakiyar... Malam, wannan a sama yake? Haka ka tarar da shi?"

"Wane launi?"

"Kore. Ba koren ganye ba. Irin na ɗanyen mangwaro in rana ta bi ta bayansa. Ya sauko kamar an shanya yadi, ƙasansa da lanƙwasa. Ga dutse baƙi, ga shi kuma a cikin ƙanƙarar ƙasa."

"Taurarin fa? Ɗigo ne, ko sun ja layi?"

"Ɗigo ne. Kamar an watsa gero."

"Duba kusurwa. Can ƙarshe."

"Na duba, bawan Allah. Ɗigo ne har kusurwa."

Bai ce bawana ba, kuma bai ƙara wata tsokana ba ranar. Na sa shi ya bi naɗin gida-gida yana faɗa mini, ina tambaya yana amsawa, har aka kira magariba ya ajiye gilashin ya tafi masallaci. Mai shagon ya yanka fim ɗin ya saka a leda, ya ce shi ma bai san abin da ya sa na ukun ya tsira ba, tun da wuri ɗaya suka kwana. Ya ƙi karɓar komai. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, duk da an hana musafaha.

Naɗi biyu zafi ya cinye su. Na ukun ya fito, kuma waɗanda suka gani sun ce koren yana nan. Shagon ya zama wurin sayar da jakunkuna. Ni ban ga ko ɗaya daga cikin hotunan ba.